Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya Da Ministan Bunƙasa Kiwon Dabbobi: Agwagi Sun Riga Yaranmu Mutuwa, Ba Wanda Ya Rubuta

Masu girma Ministoci,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ku da iyalanku, ina roƙon Allah Ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku.

Ni tsohon malamin dabbobi ne da ya ajiye aiki. Ƙuruciyata a kan babur ta ƙare, tsakanin rugage da ƙauyukan Zamfara tun tana cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, ina allurar bushiya da ciwon huhu, ina duba hanta da sammore, ina kwana inda dare ya riske ni. Yanzu na zama kaka, jikoki na rarrafe a tsakar gidana. Ba wata ƙungiya ce ta aiko ni ba. Da yawun mutanen da na ci tuwonsu na sha nononsu nake magana: mata masu goyo a ƙauyukan da ake haƙar zinare, makiyayan da ke shayar da dabbobinsu a kududdufan da ke gefen ramukan, da ƙananan ma'aikata irina, na asibitin mutane da na dabbobi, waɗanda kan ga abu da idonsu su rasa inda za su kai shi.

Da gangan na haɗa ku biyu a wasiƙa ɗaya. Maganar gubar da yara da dabbobi ke ci ko sha bisa kuskure ta daɗe ba ta da uba, kowace ma'aikata na ganin ta ɗaya ma'aikatar ce.

Abin da ya tayar da ni rubutu shi ne wannan. A watan Disamba na 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta sanya wa Zamfara tun watan Afrilu na 2019. Ban ƙi ɗagewar ba. Na san talakan da ya rasa gona saboda 'yan bindiga, rami ne kawai ya rage masa, kuma haramcin ma bai taɓa hana haƙar ba, ɓoye ta kawai ya yi. Amma na kasa kunne a rediyo kwana da kwanaki, na ji maganar kuɗin shiga, na ji maganar tsaro da masu zuba jari, ban ji wanda ya ce za a auna jinin yaro ko ɗaya kafin injuna su ci gaba da niƙa ba. Wannan shirun ne ya hana ni barci, don na san abin da ya biyo bayan irinsa a baya.

Ku ba ni dama in tuna muku. A farkon 2010 agwagi suka fara ɓacewa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Mutanen gari sun lura, daga baya su da kansu suka faɗa wa masu bincike, amma a lokacin ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Duk wanda ya san tsuntsayen gida ya san agwagwa na da taurin rai, annobar da ke share kaji a hunturu ba ta cika kayar da ita ba. In aka ga agwagi na mutuwa a jere, to tambayar farko ita ce me ke cikin ruwa da taɓon da suke tsotsa. Ba wanda ya yi tambayar. Mu ma'aikatan dabbobi ma ba mu yi ba, kuma ba zan wanke kanmu ba. A watan Maris na wannan shekarar ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, da suka fito sa ido kan sanƙarau, suka tarar da sababbin ƙananan kaburbura sun yi yawa. Yara na amai, suna ciwon ciki, suna jijjiga, su sheƙe. Aka yi maganin zazzaɓin cizon sauro, aka yi na sanƙarau, ba sauƙi. Sai da aka aika jini ƙasar waje aka gane gubar dalma ce.

Farashin zinare ne ya tashi a duniya, maza suka riƙa kwaso duwatsu daga daji suna kawowa cikin gari. Aka mayar da injinan niƙan hatsi na niƙan dutse, mata na dakawa a turmin da suke dakan fura, ana shanya garin a tsakar gida, ana wankewa a bakin rijiya da kududdufi. Dutsen nan kuwa cike yake da dalma, irin wadda ciki ke saurin narkarwa. Yaro mai rarrafe hannunsa daga ƙasa sai baki, kuma jikinsa na zuƙar dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na yadda jikin babba ke zuƙa. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta yi tare da jami'an ƙasar nan a Dareta da 'Yargalma ya nuna yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin wata goma sha biyu, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Kashi 82 cikin 100 na waɗanda suka rasu sun yi jijjiga kafin rai ya yi halinsa. A cikin waɗanda aka auna jininsu, kashi 97 cikin 100 sun kai maikirogiram 45 na dalma a kowace desilita ta jini ko sun haura, matakin da dole sai an ba da maganin fitar da gubar. Na'urar awon da ake ɗauka a hannu iyakarta 65, kuma yara da yawa sun wuce abin da take iya karantawa. A wasu gidaje ƙasar tsakar gida ta haura kashi 10 cikin 100 dalma. Kafin a shawo kan lamarin, yara aƙalla 400 sun tafi.

Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji, Tungar Guru, duk sai da aka kankare ƙasar gidajensu aka binne, aka zuba sabuwa. Bagega kuwa, inda yara kusan 1,500 ke jira, sai farkon 2013 aka saki kuɗin aikinta, bayan matasa da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun yi ta kururuwa. Likitoci ba su iya fara maganin ba sai an share gari, don yaron da aka wanke wa jini ya koma kan gurɓatacciyar ƙasa an yi aikin banza. Shekara biyar kacal bayan Zamfara, a 2015, abin ya sake faruwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, a yankin Shikira, yara 28 suka rasu. A watan Afrilu na 2024 kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta sanar tana binciken wata cuta mai kumbura cikin yara a Ƙaramar Hukumar Isa ta Jihar Sakkwato, maƙwabciyar Shinkafi: mutum 164 ake zargin sun kamu, huɗu sun rasu, gwajin farko ya nuna dalma da wani ƙarfe a jinin wasunsu.

Kukana na farko, kuma shi ne uwar sauran: littafin malamin dabbobi da littafin malamin asibiti ba sa haɗuwa. Dabba ita ke fara cin guba, domin bakinta a ƙasa yake, ba ta zaɓar ruwa, kuma kullum tana wuri ɗaya. Wannan ba sabon ilimi ba ne. A garin Minamata na Japan kyanwoyi ne suka fara tangaɗi suna faɗawa teku kafin a gano cutar a jikin mutane a 1956, wadda daga baya aka tabbatar gubar zaiba ce. Saniyar da ta sha dalma tana da alamunta: ta makance, ta riƙa cizon haƙora, ta jingina goshi da bango ko bishiya, ta yi ta kuka, ta faɗi tana shure-shure. Makiyayi zai ce iska ce ta taɓa ta. Malamin dabbobi zai iya zargin guba, to amma wa zai faɗa wa? A duk shekarun da na yi ina cike takardar rahoton wata, akwai gurbin cututtuka masu yaɗuwa, babu gurbin guba. Na san ƙasar nan ta ƙaddamar da tsarin haɗa lafiyar mutane da dabbobi da muhalli wuri ɗaya a 2019, kuma abu ne mai kyau. Amma a ƙasa inda muke, abin da muke gani a aikace duk ya karkata ne ga cututtuka irin su zazzaɓin Lassa da murar tsuntsaye da haukan kare. Guba ba ta da ƙwayar cuta, ba ta tsallakawa daga wannan zuwa wancan, shi ya sa ake mantawa da ita, alhali kwano ɗaya yaro da akuya suke ci a cikinta.

Bari in ba ku abin da na gani da idona. Wata damina aka kira ni wani gida, awaki uku sun kwanta rana ɗaya. Na tarar biyu sun riga sun mutu, ta ukun na dalalar da yawu, tana zawo, naman jikinta na rawa, ƙwayar idonta ta tsuke kamar kan allura. Na tambaya ko an yi feshi. Maigidan ya ce jiya ya fesa wa wakensa magani, ya wanke famfon a cikin daro, ya manta bai zubar da ruwan ba. Na ce ina galan ɗin maganin? Aka nemo shi a hannun wata yarinya 'yar kimanin shekara shida, an ɗauraye mata shi tana ɗebo ruwa daga rijiya, ƙaninta na biye da ita yana kurɓa. Na karɓe galan ɗin na huda shi, na ce a kai yaran asibiti a duba, Allah Ya sa ba su kai ga illa ba. Na rubuta labarin a bayan takardar rahotona don ba shi da gurbi a gaba. Har na bar aiki ba wanda ya taɓa tambayata a kansa. Irin galan ɗin nan yau ma suna nan rataye a gidaje, ana zuba musu ruwa da man gyaɗa da nono.

Wannan ya kawo ni kuka na biyu. Ba mu san yawan yaran da guba ta cikin gida ke kashewa ba, don ba a ƙirgawa. Rahotannin da likitocin yara na asibitocin koyarwa suka sha fitarwa sun nuna kananzir ne kan gaba a gubar da yara ke sha bisa kuskure, sai magungunan ƙwari. Amma waɗannan alƙaluman na wanda ya iya kaiwa babban asibiti ne. Na ƙauye a gida yake ƙarewa, a ce ajali. Jikata ta taɓa shan kananzir tana da shekara biyu, cikin zafin bazara, daga kwalbar lemo da aka aje a bayan ƙofa. Kafin in shigo kakarta ta ɗauko manja, wata maƙwabciya na shirin zura mata yatsa a maƙogwaro. Na hana, don na san kananzir ba a ciki yake kisa ba, a huhu yake, kuma amai ne ke kai shi can. Duk da haka ta kwana uku a asibiti tana numfashi sama-sama. Da aka sallame mu na duba katin, ciwon huhu aka rubuta, ba a ambaci kananzir ba ko sau ɗaya. Ba na ganin laifin ma'aikacin, shi ma abin da takarda ta tambaye shi ya cike. Amma ku duba: in duk wanda ya sha kananzir an rubuta shi a ciwon huhu, duk wanda dalma ta sa jijjiga an rubuta shi a zazzaɓi, ta yaya mai tsara kasafi a Abuja zai san akwai matsala?

Kuma gubar gidan Bahaushe ba ɗaya ba ce. Akwai piya-piya da ake ɗurawa a ƙananan kwalabe ba suna ba gargaɗi. Akwai shinkafar ɓera da ake barbaɗawa a lungu, kaza ta tsattsaga, yaro ya tsinta. Akwai ƙwayar da ake jefawa cikin buhun wake a ɗakin da mutane ke kwana, hayaƙinta ya kashe mutum cikin barci. Akwai irin shuka mai jan magani da yunwa kan sa a wanke a dafa. Takin yuriya na kashe awaki da shanu cikin sa'a guda in suka samu buhu a buɗe, gyauron dawa ma haka bayan fari. Yara na cin 'ya'yan bini-da-zugu don suna da gardi kamar gyaɗa, suna wasa da zaƙami. Hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari na Sniper a kasuwanni da shaguna a 2019, Tarayyar Turai kuma ta daina karɓar busasshen wakenmu tun 2015 saboda ragowar wannan sinadari a jikinsa. Waken da Bature ya auna ya ƙi, mu wa ke auna mana namu? Ku shiga kasuwar ƙauye ranar cinta, za ku ga mai maganin feshi ya shimfiɗa kayansa kusa da mai ƙuli-ƙuli, yana tsiyaya wa mutane a kwalbar ruwa.

Kuka na uku ya shafi binciken kansa. Duniya ta koyi abu mai yawa daga yaran Zamfara. Daga jinyarsu aka fitar da bayanin zagaye 3,180 na maganin fitar da dalma ta baki, wanda likitocin ƙasashe da dama ke dogara da shi yau. A Jihar Neja aka gwada fesa ruwa a bakin injin niƙa aka ga ƙurar dalmar da ke tashi ta ragu da kashi 95 cikin 100. Duk wannan ilimi da Turanci yake, a mujallun da mai niƙan dutse ba zai taɓa gani ba. Uwar da aka ɗebi jinin ɗanta tana da haƙƙin a dawo a zaunar da ita a faɗa mata abin da aka gano da harshenta. Ga kuma ɗalibanmu na jami'o'i, a Zariya da Sakkwato da sauransu, da kan auna dalma a hanta da ƙoda da nono da ruwan rijiya don neman digiri, a ɗaure aikin da baƙin bango a jera a kanta, ƙura ta rufe. Ba wanda ke tattara su wuri ɗaya ya ce ga taswirar inda haɗari yake.

Sannan yaran da suka tsira fa? Dalma ba ta barin ƙwaƙwalwa yadda ta same ta. Wasu sun makance, wasu ƙafa ta shanye, da yawa kuma ba a ganin komai a jikinsu sai an sa su makaranta a ga karatu ba ya zama. Wanda yake goye a 2010 yanzu ya zama saurayi ko budurwa. Dalma na kwanciya a ƙashi shekaru masu yawa, kuma lokacin ciki da shayarwa tana fitowa ta koma jini ta isa ga ɗan tayi. 'Yan matan Dareta da Abare da Bagega sun isa aure, wasu sun haihu. MSF ta auna yara sama da 8,000 cikin shekaru goma sha ɗaya, ta miƙa aikin ga hukumomi a 2022. Ina tambaya da girmamawa, ranku ya daɗe: wa ke bin sawun waɗannan yara yanzu, a wane littafi sunayensu suke, kuma wace unguwarzoma aka gaya wa ta sa ido in ɗayarsu ta zo awo?

Akwai wata magana da ba a son yi, amma ni da na yi aiki a kwata dole in yi ta. Makiyayi in ya ga saniyarsa ta faɗi tana shure-shure, wuƙa yake nema kafin ta zama mushe. Ba mugunta ba ce, dukiyarsa ke nan gaba ɗaya. Naman ya tafi kasuwa da araha, kayan ciki su tafi gun mai balangu, alhali a hanta da ƙoda dalma ta fi taruwa. Saniyar da ba ta faɗi ba kuma ana ci gaba da tatsarta, a dama fura a ba yaro. Muddin kai rahoto na nufin asara, ba wanda zai kai.

Dalma kuma ba a bakin rami kaɗai take ba. A 2011 aka gano wani jariri ɗan wata shida, ɗan 'yan Najeriya mazauna Boston a Amurka, da dalma a jininsa, aka bi sawu aka tarar kwallin da ake sa masa ne, wanda aka kai daga gida, kashi 82.6 cikin 100 nasa dalma ce. Kwallin da kakanninmu ke ranbaɗa wa jariri tun ranar suna ke nan. A Kamaru an auna tukwanen da maƙera ke zubawa daga tarkacen ƙarafa aka ga suna sakin dalma cikin abinci, irinsu kuwa su ne a murhun kowane gida a nan. Ga masu fasa tsohon batirin mota a tsakiyar unguwa, maruƙa na lasar abin da suka zubar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa, kuma tun 2021 ta ce daga maikirogiram 5 a fara neman inda yaro ke samunta.

Ga abin da muke roƙo.

A saka gurbin guba a takardun rahoton ma'aikatan lafiya da na dabbobi, tun daga asibitin sha-ka-tafi, a rubuta abin da aka sha, da shekarun wanda ya sha, da cikin abin da aka aje shi. A kuma kafa doka mai sauƙi: duk inda dabbobi ko tsuntsaye suka mutu a jere ba tare da sanannen dalili ba, musamman kusa da wurin haƙa, ko wurin wanke dutse, ko gonar da aka fesa, malamin dabbobi ya sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma cikin kwana biyu, su fita tare a babur ɗaya, ɗaya ya duba garke ɗaya ya duba yara. Wannan ba ya bukatar sabon gini ko sabuwar hukuma. Sa hannunku ku biyu yake bukata, da kuɗin mai.

Ku zauna da takwaranku na ma'adinai a mayar da awo sharaɗin lasisi. Kafin a fara aiki a kowane wuri a Anka, Bukkuyum, Maru, Rafi da makamantansu, a auna ƙasar gidaje da ruwan kududdufi, da jinin yara 'yan ƙasa da shekara biyar da mata masu ciki, da na wasu shanu da awaki da agwagin garin, a sake aunawa duk shekara, a ciro kuɗin daga abin da masu lasisi ke biya. Ƙananan masu haƙa kuwa kada a kore su da bindiga, don korar ce ke mayar da niƙa cikin ɗaki. A 2010 sarakuna da hakimai ne suka sa aka fitar da injuna bayan gari, mutane suka bi don sun ga kaburbura. A koma ta hannunsu, a ware wurin niƙa nesa da gidaje, a sa ruwa a bakin injin, a tanadi wurin wanka da sauya tufa kafin mutum ya koma ya ɗauki ɗansa.

A kawo awo kusa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom tun 1924 tana da ƙwararru, amma daga Anka zuwa Filato hanta ta ruɓe a hanya. A ƙarfafa ɗakunan gwaji na tsangayoyin likitan dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Ahmadu Bello, a haɗa su da Jami'ar Tarayya ta Gusau, su riƙa karɓar samfurin mutum da na dabba. Kowane babban asibiti a yankin haƙa ya samu na'urar awon jini ta hannu da kayan aikinta da ba sa yankewa, da maganin fitar da dalma, da allurar atirofin ta masu shan maganin feshi. Na sha ganin na'ura a cikin kwali an rasa ɗan abin da ake ɗiga jinin a kai.

A ware kuɗin bincike na musamman, ta asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ko wata hanya, kan tambayoyin da suka dame mu: halin da yaran 2010 da 2015 ke ciki yau da 'ya'yan da suka haifa, yawan dalma a nono da naman da ke fitowa daga yankunan nan, kwalli da tukwane da fenti a kasuwanninmu, da ƙidayar gida-gida ta yaran da suka sha kananzir ko maganin ƙwari ba su je asibiti ba. A sa sharaɗi cewa duk wanda ya ci kuɗin sai ya koma garin da ya ɗebi samfur ya yi bayani a ƙofar fada, kuma ya ba gidajen rediyo taƙaitaccen sakamako da Hausa da Fulatanci. A fara da tattara ayyukan ɗaliban da ke kan kanta, wannan ko sisi ba zai ci da yawa ba.

A samar da lambar waya ta kyauta, dare da rana, da mai amsawa da Hausa da Fulatanci, wadda uwa za ta kira ta ji "kada ki sa shi amai, kada ki ba shi manja, kawo shi yanzu tare da kwalbar", makiyayi ma ya kira ta. In buɗe sabuwa zai ɗauki lokaci, a ɗora aikin kan layin 6232 na NCDC, a zaunar da masanin guba a bayansa.

A biya diyya, ko da rabin kuɗi ne, ga makiyayin da ya kawo rahoton dabbar da ake zargin guba ta kayar maimakon ya yanka ya sayar. A jawo ardo da sarkin pawa cikin aikin, su ne suka san wace saniya ta faɗi a daren jiya. Masu sayar da maganin feshi kuma a tilasta musu karɓar galan ɗin da ya ƙare, a ba manomi ɗan wani abu a kan kowane ɗaya da ya mayar, a kuma sauƙaƙa farashin buhun nan mai leda biyu a ciki da ke adana wake ba tare da magani ba.

Na san hanyoyi da yawa ba sa biyuwa yanzu saboda 'yan bindiga, kuma ba na roƙon a jefa ran wani ma'aikaci cikin haɗari. Amma mutanen ƙauyukan nan suna fitowa kasuwa, suna zuwa rigakafi, da yawa ma suna zaune a garuruwan da suka yi gudun hijira. Ana iya ɗiban jinin yaro ranar allurar rigakafi, ana iya ɗiban na dabba a kara ranar kasuwa, ana iya ba mutumin gari leda ya ɗebo ƙasar tsakar gidansa.

Ina da littattafan aikina na shekaru a cikin akwati, da kwanan wata da sunan ƙauye da abin da na gani a jikin kowace dabba da na zargi guba ce ta kashe ta. Abokan aikina da suka yi ritaya ma suna da nasu. Duk jami'in da kuka turo, ko ɗalibin da ke son farawa daga nan, za mu ba shi, mu zauna mu karanta masa inda rubutun ya dushe. Muna fatan jin amsarku a bainar jama'a, ta rediyon da muke saurare, kafin damina ta sauka a fara feshi, kududdufai su cika.

Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya yi muku jagora. Wassalamu alaikum.

Naku cikin girmamawa,
Wani tsohon malamin dabbobi, uba kuma kaka,
daga Gusau, Jihar Zamfara.